Yadda Ake Zaɓen Bajimi Ruwa-Biyu Don Ƙaramin Garken Shanun Nama

Tambayar da masu ƙananan garke suka fi aiko mana ita ce: mutum yana da shanu goma zuwa ashirin, yana son bajimin da zai gyara masa iri, maruƙa su riƙa fitowa da jiki su yi saurin kai kuɗi, to wanne zai saya, kuma yaya zai yi kada a cuce shi a kara? Ga amsar daki-daki.

Ruwa-biyu, wanda 'yan kara ke ce wa kuros, shi ne san da uwarsa da ubansa ba iri ɗaya ba ne, galibi jinin shanun waje ya haɗu da na gida. Abin da ya sa zaɓensa ke buƙatar natsuwa shi ne, saniya maraƙi ɗaya za ta ba ka a shekara in an yi sa'a, amma duk maraƙin da aka haifa a garken ɗan bajimin nan ne. In ka yi kuskure a kansa, sai bayan wata tara za ka fara gani, kuma za ka yi shekaru kana kiwon kuskuren.

1. Ƙirga shanunka da abincinka tukuna

Shanun da za ka ƙirga su ne matan da suka isa barbara, ban da maruƙa da shanun huɗa. Sannan ka yi lissafin cikin bajimin. Mai kilo 350 yana cin busasshen abinci kilo 9 zuwa 10 a rana. A ciki kamar kilo 2 da rabi haɗin dusa ne, sauran harawa, kowa, karmami da ciyawa. A wata takwas na rani, dusa kaɗai ta tashi kilo 600, buhu 12 ke nan masu kilo 50, harawa da sauran kuma sun haura tan ɗaya da rabi. Ruwa lita 40 zuwa 60 a rana idan bazara ta kama.

Yanzu raba wannan da yawan maruƙan da kake sa ran samu. Mai shanu ashirin, kowane maraƙi kusan buhu ɗaya ya ɗauka. Mai shanu biyar, kowane maraƙi ya ci buhu uku zuwa huɗu tun bai zo duniya ba. Don haka in shanunka mata ba su kai takwas ba, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi bajimi ɗaya, ko ka nemi masu barbarar allura, wato sanya wa saniya maniyyin sa ba tare da bajimi ya hau ta ba, ta ofishin gona na ƙaramar hukumarku.

Hattara: bajimin haɗaka ko na aro shi ne babbar hanyar yawon cuta daga garke zuwa garke. In za ku yi haɗaka, kowa ya gwada shanunsa kamar yadda za a gwada bajimin a mataki na 9. Maganar karɓar kuɗin barbara kuma tana da hukunci a shari'a, a tuntuɓi malamin gari kafin a tsara ta.

2. Wane jini, kuma nawa ne a jikinsa

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don sun ɗauka duk kuros kuros ne.

Baƙi-da-fari mai jinin Firisiyan, wanda ya fi yawa a gonakin madara na kewayen Kano, san madara ne. Yana da tsayi da manyan ƙasusuwa, amma cinyarsa a shafe take, ga ci, ga rashin jure rana, ga saurin kamuwa da kirci, wato cutar fata mai ɓawo. 'Ya'yansa mata za su ba da nono, wannan gaskiya ne, amma in nama kake nema ka biya kuɗin abin da ba shi ka zo saye ba. Mai jinin Jasi, shi ma na madara, ƙarami ne, bai da abin da zai ƙara wa Bunaji ta wajen jiki.

Na nama da ake samu a yankinmu kusan iri biyu ne. Akwai mai jinin Birahman, wanda aka samar a Amurka daga shanun Indiya masu tozo. Tunda shi ma mai tozo ne, yana jure zafi da kaska kusa da yadda namu ke yi, ga faɗin baya da cikar cinya. Akwai kuma mai jinin Simental, ɗan asalin Suwizalan, ja ko ruwan ƙasa da farar fuska. Maruƙansa sun fi saurin girma, 'ya'yansa mata kuma suna da nono, amma sai da inuwa, da ruwa a kusa, da dusa ba yankewa. Sharole na Faransa, in ma an ce maka ga shi, ka bar shi: maruƙansa manya ne tun a ciki, saniyar Bunaji mai kilo 280 tana iya mutuwa wajen haihuwa.

Kada kuma a raina na gida. Bokoloji mai kyau a kan Bunaji shi ma ruwa-biyu ne, haka Azawak da ke shigowa daga Nijar ta Maigatari. Wanda shanunsa ke wuni a daji, su yi tafiya mai nisa zuwa mashaya, ba rumfa ba dusa, a ra'ayinmu Bokoloji ko mai jinin Birahman ne nasa, Simental wahala zai saya.

Lissafin jinin kuwa mai sauƙi ne, maraƙi rabin na uba yake ɗauka da rabin na uwa:

- Bajimi rabi-da-rabi a kan saniyar gida: maraƙi na da kashi 25 cikin 100 na jinin waje.
- Bajimi mai kashi 75 a kan saniyar gida: maraƙi na da kashi 37 da rabi.
- Bajimi rabi-da-rabi a kan saniya rabi-da-rabi: kashi 50, sai dai maruƙan ba sa fitowa bai ɗaya, wani ya biyo nan wani ya biyo can.

Ga ƙaramin garke a ƙauyukan Kano da Jigawa, inda zafin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, bajimi rabi-da-rabi ya wadatar. Shi kansa zai iya rayuwa a wurinka, 'ya'yansa kuma za su fi iyayensu mata jiki ba tare da sun rasa ƙwarin gida ba. Jinin Turai in ya wuce rabi a garke, kuɗin magani da na abinci sai su cinye ribar.

Hattara: launi ba shaida ba ne. Farar fuskar Simental tana bin zuriya har jikoki, don haka mai kashi 25 ma zai iya fitowa da ita. Babban Bokoloji kuma, da dogon kunnensa da fatar wuyansa mai reto da gajeren ƙaho, ana sayar da shi da sunan Birahman ga wanda bai sani ba.

3. Inda za ka nema

Mafi kyau shi ne gonar da aka haife shi, inda za a nuna maka uwarsa, da ubansa ko takardar allurar da aka yi wa uwar, da 'yan'uwansa. Ka dubi uwar da kyau, don 'ya'yansa mata ita za su gado: tana haihuwa a kai a kai, hantsarta a ɗafe take, kan nononta bai yi kaurin da maraƙi zai kasa kamawa ba? Ka tambaya ko da aka zo haihuwarsa sai da aka jawo shi. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya wuri ne na neman shawara, amma ka faɗa musu nama kake so, don sanannen aikinsu na haɗa Firisiyan da Bunaji na madara ne.

Kara ita ce zaɓi na biyu: Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. Akwai shanu, akwai sauƙin ciniki, amma ba tarihi. Tambayar da za ka riƙe a ranka ita ce, me ya sa mai shi ya rabu da shi? Bajimin da ke ba da maruƙa masu kyau ba kasafai ake kai shi kara ba, maƙwabta ke saye tun a gida.

Ko'ina ne, ka fi son wanda ya tashi a irin kiwonka. Wanda ya girma a rumfar kwano yana cin dusa safe da yamma, ranar da ka kora shi daji da sauran shanu zai zube.

Hattara: san turka, wanda aka ɗaure wata uku zuwa shida ana ɗura masa abinci don Sallah, na yanka ne. Kitse yana taruwa a jakar marainansa ya hana su sanyin da suke buƙata, kofatonsa ya yi tsawo saboda zaman wuri ɗaya, wasu ma ana ba su magungunan ƙiba. Kyansa a ido ne kawai.

4. Lokaci da kayan da za ka riƙe

Cikin saniya kwana 280 zuwa 290 ne. In kana son haihuwa ta faɗo Yuni da Yuli, lokacin da ɗanyar ciyawa ta fito, barbara a Satumba da Oktoba za a yi, kuma shanu a lokacin suna da jiki, sun fi saurin ɗauka. Bajimin ya kamata ya iso gidanka aƙalla wata biyu kafin nan. A shekarun nan Babbar Sallah na faɗowa ne ƙarshen bazara ko farkon damina, saboda haka ka bari ta wuce, farashi ya sauka, sannan ka saya. In da hali ka fara zuwa ganinsa tun da bazara, da tsakar rana.

Ka tafi da tef ɗin tela, igiya mai ƙarfi, ma'aunin zafin jiki, littafi da biro, waya mai hoto, da mutum ɗaya da ya san shanu wanda ba shi da ko kwabo a la'adar.

5. Fara kallo daga nesa

Kada ka taɓa shi tukuna. Tsaya kamar taku goma ka ba shi minti goma. Lafiyayyen sa yana tuƙa, hancinsa da danshi, idonsa garau, gashinsa kwance yana sheƙi. Ƙirga numfashinsa ta motsin ciki: 10 zuwa 30 a minti shi ne daidai a inuwa. In sauran shanu na tsaye lafiya shi kuwa yana haki, baki buɗe, miyau na dalala, wannan ba zai yi barbara da bazara ba. Mai gajeren gashi mai santsi ya fi mai gashi buzu-buzu jure zafi, kaska ma ba ta cika samun maɓoya a jikinsa ba. In mai farar fuska ne, ka zaɓi wanda kewayen idonsa ke da duhu, don jan fatar ido rana na cinye ta.

Ta gefe, gadon baya ya miƙe, jiki ya yi tsawo da zurfi. Ta baya, wurin da ya fi faɗi ya zama tsakiyar cinya, naman ya sauko har kusa da gwiwa. San da ya yi faɗi a ciki ya tsuke a cinya, tumbi ne da shi. Haƙarƙari kuma a ji su in an danna, na ƙarshe biyu ko uku a ɗan hango su.

Hattara: ƙaton kai da faffaɗar kafaɗa suna burge mai saye, amma su ne ke maƙale maraƙi a hanya. Maraƙin Bunaji kilo 20 zuwa 25 yake zuwa, ƙugun uwarsa daidai wannan aka yi shi. Ka nemi mai matsakaicin kai da kafaɗa mai sulɓi, musamman in akwai karsana a garkenka.

Halinsa ma abin dubawa ne, don ana gadonsa. Mai tonon ƙasa da kofato, yana juya maka gefe yana huci, ba na gidan da yara da mata ke ba dabbobi ruwa ba ne. Wanda aka raina da hannu tun yana maraƙi har yana wasa da mutane, shi ma in ya girma ya fi haɗari, don ba ya shakkar kowa.

6. Haƙora da nauyi

A kama shi a buɗe leɓen ƙasa. Shanu haƙora takwas ne da su a gaba, duk a ƙasa, sama dasashi ne. Na nono ƙanana ne farare, na girma manya masu faɗi. Manya biyu, yana wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi. Huɗu, wajen shekara uku. Shida, uku da rabi zuwa huɗu. In ya cika baki da takwas, ya doshi biyar ko ya wuce. Ka sayi mai biyu ko mai huɗu: ya isa aiki, yana da shekaru a gaba, kuma bai zaga garke da yawa ya kwaso cututtukan barbara ba, waɗanda tsofaffin bajimai ke ɗauke da su ba tare da alama ba. Ka duba haƙoran suna haɗuwa da dasashi daidai, don mai gajeren haɓa ko doguwa ba ya kiwo sosai, kuma yana gadar da ita.

Ba sikeli a kara, amma tef zai ba ka kusan nauyin. Auna zagayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, sannan tsawon jiki daga kan kafaɗa ta gaba zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duk da santimita. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Misali ƙirji 160, tsawo 130, ya ba da kusan kilo 307. Ruwa-biyun da ya fitar da manyan haƙora biyu bai kai kilo 280 zuwa 300 ba, ko jinin da aka faɗa babu shi, ko ya sha yunwa yana ƙarami.

7. Ƙafafu

Sa a ja shi a ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, ya juya hagu da dama. Ƙafar baya ta sauka a sawun ta gaba ko kusa da shi. Kofato biyun kowace ƙafa su yi daidai da juna, ba wanda ya nannaɗe ko ya hau ɗan'uwansa, ba tsagewa, ba gyambo a tsakani. Gwiwar baya ta kasance da ɗan lanƙwasa. Wadda ta miƙe sambal kamar turke, ko ta lanƙwashe ciki kamar lauje, ba za ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa a lokacin hawa ba. Ɗingishi kowane iri, ko an ce maka jiya ya taka ƙaya, ka wuce.

Hattara: kumburi mai ruwa a gwiwa, wanda ba ya yi masa zafi, yana daga alamun bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari.

8. Maraina da mazakuta

Wannan shi ne abin da ka zo saye, kuma shi ne mutane ke jin nauyin dubawa. A ɗaure shi sosai jikin turke ko bishiya, a yi wa ƙafafun baya dabaibayi, wani ya ɗaga wutsiya sama, kai kuma ka tsaya ta baya ka fara shafa cinyarsa don kada ya firgita.

Maraina su zama biyu, duk sun sauko, girmansu ɗaya, suna motsi a cikin jaka ba su manne ba. Taurinsu kamar damtsen mutum in ya ɗan ƙanƙame hannu. Mai laushi kamar tumatir da ya nuna, ko mai tauri kamar dutse, ko mai zafi da kumburi, duk a bar shi. A ƙasan kowanne za ka ji wani ɗan tudu kamar goro, nan ne ma'ajiyar maniyyi, ya kasance a cike a ɓangarorin biyu. Jakar ta sami wuya a sama, ta yi reto kaɗan, amma kada ta wuce gwiwa.

Sai awo. Ka tura su ƙasa a hankali da hannu ɗaya ta wuyan jakar, ka zagaya tef a inda ya fi faɗi, ya kama fata ba tare da ya matse ba. Ɗan shekara biyu kada ya gaza santimita 30, wanda ya kai uku zuwa sama a samu 32 zuwa 34 ko fiye. Manyan maraina na nufin yawan maniyyi, kuma 'ya'ya matan irin wannan bajimi sun fi saurin balaga.

Fatar mazakuta ta kasance a ɗafe da ciki, bakinta ba kumburi, ba ruwa mai wari, ba jan nama a waje. Masu jinin Birahman da Bokoloji ne suka fi samun mai reto sosai, wadda ƙaya da kututturen dawa ke yaga. Ka taɓa cibiya ma, in akwai ƙullutun da ke komawa ciki in an danna, ɓullar hanji ce, kuma tana bin zuriya.

In a gona kake saye, ka roƙa a nuna maka shi da saniyar da ke neman sa. Lafiyayye ba ya ɓata lokaci: ya shinshina, ya hau, ya yi zunkuɗa ɗaya mai ƙarfi, ya sauka. Mai hawa yana sauka ba zunkuɗa bai yi komai ba.

Hattara: mai maraini ɗaya yana iya yin ciki, kuma da haka mai sayarwa zai rarrashe ka. Kada ka saya, aibin yana bin 'ya'ya.

9. Likita da gwajin jini

Abin da ido ba ya gani, likitan dabbobi ne zai gano, kuma kuɗinsa bai kai na buhunan dusa kaɗan ba. Zafin jiki ya kasance digiri 38 zuwa 39 da ɗan kai, a auna da safe. A ɗebi jini a yi gwajin bakkale, wanda ake kira Rose Bengal, sakamakonsa ba ya daɗewa in akwai kayan aiki. Bakkale ce ke sa shanu ɓari a watannin ƙarshe, mabiyiya ta maƙale, kuma tana kama mutane ta ɗanyen nono da taɓa abin da aka ɓarar. Ba ta da maganin da za a dogara da shi a dabba, wanda ya kamu na yanka ne. Gwajin tarin fuka a fatar wuya ake yi, a dawo a duba bayan awa 72. A duba jinin sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, in daga kudancin Kano ya fito, wajen Doguwa da dajin Falgore, ko daga garken da ke cin rani a kudu. A duba kashinsa saboda tsutsar hanta in ɗan fadama ne, kamar bakin kogin Haɗeja ko yankin noman rani na Kura da Kadawa. Likita ya ja shi da gudu kaɗan ya saurari ƙirjinsa, don tari, nishi da buɗe ƙafafun gaba alamun ciwon huhu ne. Ka shafa bayansa da hannu, in ka ji ɓawon da ke ɗagowa da gashi, kirci ne.

Bajimi mai tsada ya cancanci gwajin maniyyi, ana yinsa a Shika da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

10. Ciniki

Kafin ka taya, ka zaga ka ji kuɗin Bunaji mai irin nauyinsa a ranar. Abin da ya hau kan wannan shi ne kuɗin jini, kuma ba a biyan kuɗin jini sai da shaida: uwa, uba, ko takarda. Ba shaida, ka taya shi da kuɗin nama, in an ce albarka ka yi gaba.

Kuɗin sa ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Ka ware na la'ada, harajin kara, lodi da mota, likita da gwaji, magani da riga-kafi, rumfa, da abincin wata uku. Wanda ya juye aljihunsa duka a kan san, sa zai kai gida ya rame.

A yi ciniki a gaban dillalin da aka sani da sarkin kara, a karɓi rasit mai ɗauke da launi, yanayin ƙaho, tsaga ko lambar jikinsa, da sunan mai shi da garinsu. Ka ɗauki hotonsa ta gefe biyu. Mafi alheri ka ba da kafin alƙalami da sharaɗi a gaban shaidu: in gwaji ya nuna cuta, ciniki ya warware.

Hattara: araha mai yawa da gaggawar mai sayarwa, a bayan kara ko da dare, alamar shanun sata ce.

11. Ɗauko shi da killacewa

A yi lodi da sassafe ko da yamma, a zuba yashi a ƙasan mota, kada a danne shi a kan ƙafa ɗaya. Ya sauka a wuri mai inuwa nesa da garke, da mazubin ruwa da na abinci nasa shi kaɗai, har kwana 30. Mai kula da shi ya gama da sauran shanu kafin ya zo kansa.

Ranar farko ruwa, harawa da hutu kawai. Ka tambayi abin da yake ci a inda ya fito, ka sauya zuwa naka a hankali cikin kwana 10 zuwa 14, don sauyin dusa farat ɗaya na kawo zawo da kumburin ciki. Kwana na biyu ko na uku a yi maganin kaska, a ba da na tsutsa daidai nauyin da ka auna. Ibamektin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 mililita 1 ne ga kowane kilo 50, a ƙarƙashin fata, amma shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta, sai an haɗa da wani kamar albendazol. A mako na biyu, in ya warware gajiya, a yi riga-kafin ciwon huhu da na cutar harbin daji, irin waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke sarrafawa, ta hannun ma'aikacin da ya riƙe su a ƙanƙara. A ajiye masa dutsen lasa ko gishiri da kanwa kaɗan.

Hattara: angurya da ƙuliƙulinta suna sa ƙiba, amma akwai wani sinadari a cikinsu da ke raunana maniyyi, musamman ga ƙaramin bajimi. Ka riƙe su don shanun turka, shi ka ba shi dusar alkama ko ta masara da ɗan ƙuliƙulin gyaɗa.

12. Sakinsa cikin garke

Kafin ya shiga, a fitar da duk wani namiji da ya haura wata takwas, ko a dandaƙe shi. In ba haka ba za ka ciyar da mai tsada, wani ɗan ƙaramin Bunaji ya riga shi. Haka a wurin kiwo da mashaya, in shanunka na cuɗanya da na wasu, wadda ta fara neman sa a tsare ta a gida da bajimin.

Ɗan shekara biyu mata 15 sun ishe shi a zangon farko, babba ya ɗauki 25 zuwa 30. Karsana kada a bari ya hau ta sai ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta, wajen kilo 200 zuwa 220 ga Bunaji.

Rubuta ranar da ya hau kowace saniya. Wadda ba ta ɗauka ba za ta sake nema bayan kwana 18 zuwa 24. Ɗaya ko biyu su dawo ba komai, amma in fiye da rabi suka dawo har sau biyu, matsalar tasa ce, a kira likita, kada a jira shekara. Ka sani kuma zazzaɓi mai zafi ko wahalar rana na lalata maniyyi, kuma sabo na ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya haɗu, don haka bajimin da ya yi jinya a ba shi wata biyu kafin a yanke masa hukunci. Bayan wata uku da barbara likita zai iya tabbatar da ciki da hannu.

13. Lokacin rabuwa da shi

'Ya'yansa mata masu ci da kyau za su fara neman sa daga shekara biyu zuwa biyu da rabi. Ka haɗa da wata taran ciki, wato kusan shekara uku da fara aikinsa dole ya bar garken, ko a raba shi da su. Uba a kan 'ya yana kawo ƙananan maruƙa marasa ƙwari. Ɗansa ma ba zai gaje shi ba, don 'yan'uwansa zai tarar, ga shi jinin waje a jikinsa ya ragu zuwa kashi 25. Mazan a dandaƙe su tun suna ƙanana ko a ware su don turka.

In har yanzu yana da ƙarfi, ka yi musaya da wani mai garke da ke da irinsa daga wata zuriya, a sake gwajin mataki na 9 ga duka biyun. In ba a samu ba, a turke shi wata uku a sayar gabanin Sallah, kuɗin ya sayi magajinsa. Wanda zai hau 'ya'yan nan masu kashi 25, in shi ma rabi-da-rabi ne, jikokin za su tashi da kashi 37 da rabi. In ka ga 'ya'yan bajimin farkon suna haki da bazara ko kirci na damunsu da damina, ka sa musu Bokoloji mai kyau a wannan zagayen.